Yadda za ka kula da tagogin SQL Server ba tare da allon zanen SSMS ba

A rumbun bayanai na SQL Server, VIEW umarnin SELECT ne da aka raɗa wa suna aka ajiye shi a cikin rumbun, ta yadda duk mai buƙatar sakamakonsa zai kira sunan kawai kamar yadda ake kiran tebur. Ba ya riƙe da bayanai na kansa, leƙa tebura yake yi ya nuno abin da aka ce ya nuno, shi ya sa a wannan jagora za mu riƙa ce masa taga. Yawancin masu koyo suna fara haɗa taga ne a View Designer na manhajar SSMS (SQL Server Management Studio, manhajar Microsoft ta kula da SQL Server), wato allon zanen nan da ake jawo tebura a kai, a ja layi tsakaninsu, a danna akwatunan ginshiƙan da ake so. Ga mai koyo yana da amfani, don yana gani da idonsa yadda tebura ke haɗuwa. Amma da zarar tagar ta zama abin da ake dogara da shi wajen fitar da rahoton kuɗi ko lissafin kaya, allon zanen ya fi ɓata aiki a kan gyara shi.

Dalilin kuwa shi ne taga rubutu ce, kuma allon zanen ba ya mutunta rubutu. Idan ka buɗe taga da shi ka adana, zai sake jera SQL ɗin yadda ya ga dama, ya tattara layukan da ka tsara da kyau ya cukurkuɗa su, bayanan gefe da ka rubuta don wanda zai zo bayanka kuma su ɓace. Tagar da ke da UNION ba zai iya zana ta ba. Idan ka ce a jera sakamako, sai ya saka `TOP (100) PERCENT` tare da `ORDER BY`, alhali tun daga SQL Server 2005 sabar ba ta kula wannan jeri, sai mutum ya ɗauka tagarsa a jere take, ranar da ta fito a hargitse ya rasa dalili. Sannan yana ajiye matsayin akwatunan zanen a jikin tagar da sunayen `MS_DiagramPane1` da `MS_DiagramPaneCount`, waɗanda ke cika maka ido duk lokacin da ka zo kwatanta rumbuna biyu.

Hanyar da zan nuna ita ce a fitar da kowace taga zuwa fayil nata, a riƙa gyara fayil ɗin, a gwada, sannan a tura shi saba. Fayil ne asali, abin da ke kan saba kwafinsa ne.

Zaɓen manhaja

Zan yi amfani da DBeaver Community, saboda kyauta ce, lasisinta Apache 2.0, tana aiki a Windows da Linux da macOS, ba kamar SSMS ba da sai Windows. Mai son wata daban yana iya ɗaukar DataGrip na kamfanin JetBrains, ko dbForge Studio na Devart, ko HeidiSQL mai sauƙin nauyi, ko kuma Visual Studio Code da ƙarin MSSQL. Wanda nake ba da shawarar kada a gina sabon aiki a kansa shi ne Azure Data Studio, domin Microsoft ta sanar da daina tallafa masa daga 28 ga Fabrairu 2026. Matakan da ke tafe ba za su canza sosai ba ko wacce ka ɗauka. Za kuma ka buƙaci Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, sai Flyway mai tura fayilolin SQL zuwa rumbuna idan aikin ya kai nan.

Mataki na 1: haɗa DBeaver da saba

Ka ƙirƙiri sabon haɗi, ka zaɓi SQL Server, ka shigar da sunan saba, da mashiga (port) ta 1433, da sunan rumbun, da sunan shiga da kalmar sirri. A karon farko za ta nemi sauko da direban JDBC na Microsoft, wato ƙaramar manhajar da take magana da sabar ta hanyarta, don haka sai da intanet.

Wurare biyu ne mutane ke maƙalewa. Idan SQL Server Express ce, TCP/IP a kashe yake zuwa, sai ka kunna shi a SQL Server Configuration Manager ka sake tayar da sabar. Na biyu, tun daga sigar 10.2 direban JDBC yana neman ɓoye sadarwa kai tsaye, idan kuma takardar shaidar sabar ba wadda aka amince da ita ba ce sai ya ƙi haɗawa. A sabar gwaji kana iya kunna `trustServerCertificate`. A sabar aiki gara a saka ingantacciyar takardar shaida.

Ka yi haɗi biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na aiki, kuma na aikin ka sa masa nau'in Production. DBeaver za ta canza masa launi, ta daina adana canji da kanta har sai ka tabbatar, ta kuma riƙa tambayarka kafin ta zartar da umarni mai taɓa bayanai. Wannan ɗan saitin ba ya cin minti guda, amma shi ke hana mutum gyara rumbun aiki yana zaton na gwaji ne. Idan ba ka da rumbun gwaji, ka dawo da kwafin ajiya na rumbun aiki da wani suna daban kafin ka ci gaba.

Mataki na 2: fitar da tagogin da ke akwai

Da farko ka ga abin da kake da shi:

```
SELECT s.name AS tsari, v.name AS taga, v.modify_date, m.definition
FROM sys.views AS v
JOIN sys.schemas AS s ON s.schema_id = v.schema_id
JOIN sys.sql_modules AS m ON m.object_id = v.object_id
ORDER BY s.name, v.name;
```

Kada ka ɗauko rubutun daga `INFORMATION_SCHEMA.VIEWS`, domin ba ya ba da abin da ya wuce haruffa 4000, kuma manyan tagogi sukan zarce haka. Idan `definition` ya fito NULL, ko dai ba ka da izinin `VIEW DEFINITION`, ko an ƙirƙiri tagar da `WITH ENCRYPTION`. Na farko mai kula da rumbun zai warware maka. Na biyu sai ka nemo rubutun asali wurin wanda ya haɗa ta.

Idan tagogin ba su da yawa, kwafe kowace zuwa fayil nata da hannu ya wadatar. Idan sun kai ɗaruruwa, babu laifi ka yi amfani da Generate Scripts na SSMS sau ɗaya, ka zaɓi fayil guda ga kowane abu. Sai dai ka lura da yanayin adanawa: zaɓin Unicode nasa UTF-16 ne, Git kuwa ba ya ɗaukar irin wannan fayil a matsayin rubutu, don haka ba zai nuna maka layin da ya canza ba. Ka mayar da su UTF-8 tun kafin ka fara.

Sunan fayil ya zama sunan tagar tare da tsarinta (schema, wato gaɓar farko ta suna kamar `dbo`), misali `dbo.vw_BashinKwastomomi.sql`, duk a folda guda. Sai ka buɗe ma'ajiyar Git a foldar ka adana su yadda suka fito, da muninsu da komai, ba tare da ka gyara ko waƙafi ba. Wannan adanawa ta farko ita ce shaidar yadda ka tarar da rumbun, kuma gare ta za ka koma idan gyara ya ɓaci.

Akwai abin da za ka iya cin karo da shi a nan: sunan da ke cikin rubutun ya saɓa da sunan tagar. Hakan na faruwa ne idan an taɓa canza mata suna da `sp_rename`, wanda ke canza suna a jerin abubuwa amma ya bar tsohon suna a cikin rubutu. Idan ka zartar da fayil ɗin a haka, wata taga daban za ka ƙirƙira da tsohon suna. Ka daidaita sunan tukuna.

Mataki na 3: sake rubuta tagar yadda mutum zai iya karantawa

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka natsu. Ga irin abin da allon zane ke barin mutum da shi a rumbun wani shagon sari:

```
CREATE VIEW dbo.vw_BashinKwastomomi AS
SELECT TOP (100) PERCENT dbo.Kwastomomi.*, dbo.Oda.Jimla, dbo.Oda.AnBiya
FROM dbo.Kwastomomi INNER JOIN dbo.Oda ON dbo.Kwastomomi.Lamba = dbo.Oda.LambarKwastoma
ORDER BY dbo.Kwastomomi.Suna
```

Ga kuma yadda ya kamata ta zauna a fayil:

```
CREATE OR ALTER VIEW dbo.vw_BashinKwastomomi
AS
-- Layi guda ga kowace oda. Ofishin kudi ne ke karanta ta ta Excel.
SELECT k.Lamba,
       k.Suna,
       k.Gari,
       o.Jimla,
       o.AnBiya
FROM dbo.Kwastomomi AS k
JOIN dbo.Oda AS o ON o.LambarKwastoma = k.Lamba;
```

`CREATE OR ALTER` ya shigo ne da SQL Server 2016 SP1. Amfaninsa shi ne fayil guda zai yi aiki ko tagar tana nan ko babu. Idan sabarka ta girmi wannan siga, yi amfani da `ALTER VIEW`. Abin da nake roƙo kada ka yi shi ne `DROP` sannan `CREATE`, duk da cewa wasu manhajoji haka suke fitar da rubutu. Goge taga yana tafiya da duk izinin da aka ba mutane a kanta, washegari sai ma'aikatan ofishin kuɗi su buɗe rahotonsu a ce ba su da izini. `ALTER` yana barin izini a inda yake.

An cire `TOP (100) PERCENT` da `ORDER BY`. Duk mai son jeri ya saka `ORDER BY` a umarnin da yake kiran tagar da shi, nan ne kaɗai SQL Server ta yi alkawarin jeri.

Sai tauraron nan, `*`, mai nufin a ɗauko duk ginshiƙan tebur, wanda shi ne mafi haɗari a cikin duka. Lokacin da aka ƙirƙiri taga, sabar tana rubuta jerin ginshiƙanta ta ajiye, kuma ba ta sabunta jerin don an canza tebur. Ka ɗauka teburin Kwastomomi yana da ginshiƙai uku, Lamba da Suna da Gari, tagar kuma tana da biyar idan an haɗa da Jimla da AnBiya. Sai wani ya ƙara ginshiƙin LambarWaya a teburin. Yanzu tauraron yana buɗewa zuwa ginshiƙai huɗu, amma tagar tana nan da tsofaffin sunayenta biyar. Abin da ya zo na huɗu shi ne lambar waya, sai ta fito a ƙarƙashin sunan Jimla, ainihin jimlar kuma ta matsa ta koma ƙarƙashin AnBiya. Sau da yawa babu saƙon kuskure ko ɗaya, rahoto ne kawai zai fito da ƙarya. `sp_refreshview` yana gyara wannan idan an tuna an zartar da shi, amma maganin gaskiya shi ne a rubuta sunan kowane ginshiƙi.

Idan kana so ka ɗaure tagar da teburanta, ƙara `WITH SCHEMABINDING` bayan sunanta. Daga nan sabar ba za ta bari a goge ko a canza ginshiƙin da tagar ta dogara da shi ba. Sharaɗinsa shi ne babu tauraro, kuma kowane tebur a kira shi da suna mai gaɓa biyu kamar `dbo.Oda`. Ni ina son sa a tagogin kuɗi, amma ka sani yana ƙara aiki, domin duk ranar da za a gyara wannan ginshiƙi sai an fara kwance tagar.

Da ka gama da allon zane, kana iya share ragowar da ya bari:

```
EXEC sp_dropextendedproperty @name = N'MS_DiagramPane1',
     @level0type = N'SCHEMA', @level0name = N'dbo',
     @level1type = N'VIEW',   @level1name = N'vw_BashinKwastomomi';
```

Haka za ka yi wa `MS_DiagramPaneCount`. Kada ka taɓa `MS_Description`, wannan bayani ne da wani ya rubuta da gangan.

Mataki na 4: wa ya dogara da wannan taga?

Kafin ka cire ginshiƙi ko ka canza masa suna, tambayi sabar:

```
SELECT referencing_schema_name, referencing_entity_name
FROM sys.dm_sql_referencing_entities(N'dbo.vw_BashinKwastomomi', N'OBJECT');
```

Wannan zai nuna tagogi da sauran abubuwan cikin rumbun da ke kiran ta. Ba zai nuna fayilolin Excel ba, ko rahotannin Power BI, ko manhajar da ke aiko da SQL daga waje. Waɗannan sai ka bincika rubutun manhajar, ka kuma tambayi mutanen da ke amfani da rahoton. Ƙara ginshiƙi a ƙarshe ba kasafai yake ɓata wa kowa aiki ba. Cirewa da canza suna da sauya jeri su ne ke buƙatar sanarwa.

Mataki na 5: gwaji

A rumbun gwaji, ƙirƙiri sabon rubutun da suna na wucin gadi, misali `vw_BashinKwastomomi_sabo`, ka bar tsohuwar a gefe. Sai ka kwatanta ta fuska biyu da `EXCEPT`, wanda ke fito da layukan umarnin sama da babu su a na ƙasa:

```
SELECT * FROM dbo.vw_BashinKwastomomi
EXCEPT
SELECT * FROM dbo.vw_BashinKwastomomi_sabo;
```

Sannan ka juya su, sabuwa a sama tsohuwa a ƙasa. Idan tsara rubutu kawai ka yi, duka biyun su dawo babu layi ko ɗaya. Amma `EXCEPT` yana haɗe layukan da suka maimaitu, don haka idan wani JOIN ya ninka maka layuka ba zai nuna ba. Ka ƙirga layukan kowace da `COUNT(*)`, ka kuma tara ginshiƙin kuɗi da `SUM` ka ga ko sun yi daidai. Da ka gamsu, goge ta wucin gadin.

Akwai halin DBeaver guda da ya kamata ka sani. Ctrl+Enter yana zartar da umarnin da alamar rubutu ke kai, Alt+X kuma yana zartar da fayil gaba ɗaya. Tana da saitin da ke ɗaukar layi mara rubutu a matsayin ƙarshen umarni. Idan akwai irin wannan layi a tsakiyar tagarka, misali kafin WHERE, tana iya tura rabin farko kawai, kuma rabin yana iya zama ingantaccen SQL, sai a wayi gari da taga mara sharaɗi. Ka kashe saitin a sashen SQL Processing na zaɓuɓɓukan editan, ko ka riƙa zaɓar rubutun duka kafin ka zartar. Bayan kowace zartarwa, duba abin da ya shiga da `SELECT OBJECT_DEFINITION(OBJECT_ID(N'dbo.vw_BashinKwastomomi'))`.

Mataki na 6: turawa sabar aiki

Ka adana fayil ɗin a Git da saƙon da ya faɗi dalilin gyaran, don wanda zai karanta bayan shekara ya gane. Idan kuna da yawa, wani ya duba bambancin kafin a tura. Sai ka buɗe haɗin aiki, ka zartar da fayil ɗin, ka gwada SELECT ɗaya ko biyu, sannan ka tabbatar da canjin. SQL Server tana barin a janye canjin taga matuƙar ba a tabbatar ba, amma kada ka bar shi a buɗe ka tashi, domin masu karanta tagar za su tsaya jiran ka. Bayan haka ka zartar da `sp_refreshview` a kan tagogin da suka dogara da wadda ka gyara, ban da masu `SCHEMABINDING`, waɗanda ba ya aiki a kansu.

Taga mai fihirisa (index, abin da ke hanzarta karatun bayanai) tana da nata hukunci. `ALTER VIEW` yana goge duk fihirisar da ke kanta ba tare da gargaɗi ba, tagar za ta ci gaba da aiki amma rahoton da ke fitowa nan take zai koma jan ƙafa. Don haka umarnin `CREATE UNIQUE CLUSTERED INDEX` ya zauna a fayil guda da tagar, a ƙarƙashinta, bayan layin `GO`. Irin wannan taga tana kuma buƙatar `ANSI_NULLS` da `QUOTED_IDENTIFIER` su kasance a kunne lokacin ƙirƙirarta. Idan da `sqlcmd` kake turawa, `QUOTED_IDENTIFIER` a kashe yake zuwa, sai ka ƙara `-I`.

Idan rumbunan sun yi yawa: Flyway

Turawa da hannu tana yi idan rumbu ɗaya ne. Idan akwai na gwaji da na aiki da na rassa, wata rana za a manta da ɗaya. Flyway, wadda kamfanin Redgate ya saya a 2019, tana da nau'in fayil da ya dace da tagogi sosai: duk fayil da sunansa ya fara da `R__` za ta sake zartar da shi a duk lokacin da abin da ke cikinsa ya canza. Tana ajiye tarihin a teburin `flyway_schema_history`. A rumbun da ya riga ya daɗe yana aiki, ka fara da `flyway baseline`, sannan `flyway info` don ganin abin da ke jira, sai `flyway migrate`.

Tana zartar da waɗannan fayiloli ne bisa jerin haruffan sunayensu, bayan ta gama da ɗaya nau'in fayilolinta, masu lambar siga da ke canza tebura. SQL Server kuwa ba ta yarda a ƙirƙiri taga a kan wata tagar da ba ta wanzu ba tukuna. Saboda haka ka sa lamba a suna, `R__010_vw_Oda.sql` kafin `R__020_vw_BashinKwastomomi.sql`. Idan ka ga lambobin suna ta hawa saboda taga a kan taga a kan taga, alama ce ta a warware wasu. Sabar tana yarda har hawa 32, amma tun a hawa na huɗu ko na biyar gano inda jinkiri yake ya zama wahala.

Toshe ƙofar baya

Duk wannan tsari yana rushewa ne ranar da wani ya buɗe allon zane a sabar aiki ya yi ɗan gyara cikin gaggawa. Flyway fayil take dubawa, tun da fayil bai canza ba ba za ta ce komai ba, sai ranar da aka sake tura fayil ɗin gyaran mutumin ya shafe. Mafi ƙarfin kariya shi ne a janye izinin `ALTER` daga kowa a sabar aiki, a bar shi ga asusun da ke turawa kaɗai. Inda hakan bai yiwu ba, a kafa `DDL trigger`, wato umarnin da sabar ke zartarwa da kanta idan an taɓa tsarin rumbu, a kan `CREATE_VIEW` da `ALTER_VIEW` da `DROP_VIEW`, ya riƙa rubuta abin da `EVENTDATA()` ya bayar a wani tebur, wato wanda ya yi canjin da lokacin da rubutun da ya zartar. Lokaci zuwa lokaci kuma ka sake fitar da tagogin da umarnin mataki na 2 zuwa wata folda ka kwatanta da na Git, ko ka yi amfani da SQL Compare na Redgate idan kuna da lasisi. Za ka ga ɗan bambanci a layin farko, domin sabar tana adana `CREATE VIEW` ne ba tare da `OR ALTER` ba. Duk wani bambanci da ya wuce wannan, ka nemo wanda ya yi shi, ku shigar da gyaransa cikin fayil idan mai kyau ne, ko ku sake tura fayil ɗin ya maye gurbinsa.